Ƙwallon Ɗan Kibiya

"Bayan kaka kuma, Sa'a?"

Sa'adiya ba ta ɗago ba. Tana tsaye a bakin zauren gidansu tana murza gefen mayafi, shi kuwa Uzairu yana zaune a kan babur ɗinsa ya zuba mata ido, ransa a ɓace. Ya tuna mata cewa da farko ta ce a bari sai bayan ƙaramar Sallah, ya bari. Ta ce a bari a gama shuka, ya bari. Yanzu ga gero ya fitar da kai, ta sake ɗaga maganar. Kawu Ishiyaku, ƙanin mahaifinsa da zai jagoranci zuwa neman auren, har sau biyu yana sayen goro. Na farko ya bushe a ɗaki, na biyu aka rabar a masallaci.

"Me zan ce masa yanzu? Gaya min, abar ƙaunata... me zan ce?"

"Ka ce masa... ya ƙara haƙuri."

"Haƙurin me? Shi fa gani yake ba kwa so na."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ba ta son shi? Ita da ko tuwo take tuƙawa aka ambaci sunansa sai muciya ta tsaya? Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai ga ƙarar sanda daga wajen masallaci, ƙwas, ƙwas, da wata murya mai cike da zumuɗi tun daga nesa.

"Ɗan Kibiya ya iso kuwa? Ko yau ma tsoro ya hana shi?"

Uzairu ya rufe ido ya ja dogon numfashi. Ya sauko daga babur, ya zuge jaka ya fito da ƙwallo. Sa'adiya ta sulale cikin gida tana share hawaye da bayan hannu. Muryar nan ta mahaifinta ce, kuma ita ce dalilin duk wannan jan ƙafa.

Bari in koma baya kaɗan, don a ji yadda aka shiga wannan tsaka mai wuya.

Malam Shitu, mahaifin Sa'adiya, ba ƙaramin mutum ba ne a Rurum Sabon Gari zamanin ƙuruciyarsa. Gola ne. Shitu Danƙo ake ce masa, don duk ƙwallon da ya taɓa hannunsa ya liƙe ke nan. Da girma ya zo ya koma gonarsa ta gero da albasa, amma bakin nan nasa na tsokana bai tsufa ba. In yana gida, maƙwabta sun sani.

Sai ciwon ido ya kama shi. Aka je Rano, aka je asibitin ido a Kano, likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu, sai ɗan abin da ya rage. Da rana komai fari fat yake gani kamar hayaƙi. Da dare, in an kunna fitila, yakan ga ɗigon haskenta, shi ke nan. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma daga ɗaki sai masallaci, yana bin bango da sanda. In an kai masa tuwo malmala biyu, ɗaya da rabi ke dawowa.

Sa'adiya kuwa ita ce 'yar fari, kuma an san halin mutanenmu da ɗan fari. Malam bai taɓa kiran sunanta ba, "ke" ce, ko "yarinyar nan". Mahaifiyarta, Inna Huseina, ita ma haka, ko kitso ba ta taɓa yi mata a gaban mutane ba. Ƙauna kam tana nan cike da ciki, baki ne ba ya faɗa. Sai yarinya ta zauna a bayan ɗakin ubanta tana sauraron shirunsa, ta yi kukanta ta tashi, ba wanda ya sani.

Uzairu ɗan garin Kibiya ne, yana da ɗan shago na fitilun sola da cajin waya. Ranar kasuwa suka haɗu, ta je sayen fitila ta yi ta ciniki har ya ce ta ɗauka kyauta in dai za ta faɗi gidansu. Tun daga ranar take ce masa Mai fitila. Yakan zo zance tsakanin Magariba da Isha, lokacin da Malam ke zaune a masallaci, kamar yadda ya dace da yaro mai kunya. Malam ya san akwai wani Uzairu da ke zuwa, Inna ta gaya masa, amma ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan sai magabata sun shigo.

Wata rana Uzairu ya dawo daga sarin kaya a Kano da wani abin wasa. Ƙwallo ne kamar kowane ƙwallo, amma da ka buga shi sai ya kama da haske, kore shar. Ya kawo ne kawai ya nuna mata ta yi dariya. Ta kuwa yi. Yana ɗaga shi da ƙafa tana tsokanarsa wai ƙafar mai shago ce, suka shagala, ba su ji an idar da Isha ba.

Sai ƙarar sanda. Uzairu ya yi wuf ya laɓe bayan darbejiya, ya bar ƙwallon yana gangarawa a tsakiyar hanya.

Malam Shitu ya tsaya cak.

"Mene ne wancan koren... mai tafiya?"

Sa'adiya ta dafe ƙirji. Shekara da shekaru mahaifinta bai nuna abu ya ce mene ne wancan ba. Ta ce ƙwallo ne, Baba. Can sai ya jingine sandar a bango, ya naɗe hannun riga, ya ɗan ranƙwafa ya buɗe tafukansa.

"Mai ƙwallon, in kana kusa, bugo min."

Ni dai ban ga laifin Uzairu ba. Dattijo ya roƙe ka, ya za ka yi? Ya fito ya buga a hankali. Caraf, Malam ya cafe ya rungume a ƙirji, ya saki wata dariya da gidan ya manta da irinta, har Inna ta leƙo zaure da ludayi a hannu. Ya ce wannan bugu kamar na mai jin yunwa, wane ne? Ina saurayi zai buɗe baki ya ce wa uban budurwa ni ne? Sa'adiya ce ta yi saurin cewa wani ɗan Kibiya ne, mai sayar da fitilu. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi gaskiyar duka ba.

"Ɗan Kibiya? Ashe shi ya sa. Tun iyayenku ba ku iya bugu ba. Sake!"

Kafin wata ya zagayo, ƙofar gidan ta zama fili. Samarin unguwa da ke yini a gona, rana ba ta barin su wasa, suka samu abin yi bayan Isha. Uzairu ya kawo zaren ƙananan fitilu ya naɗa a gwangwala biyu, aka kafa raga mai walƙiya. Ya kawo wasu awarwaro na roba masu haske, ja da shuɗi, kowa ya ɗaura a hannu da ƙafa don Malam ya san ta ina bugu zai fito. In ka hango daga nesa ba ka ganin mutum ko ɗaya, sai ja da shuɗi suna tsalle, kore yana yawo a tsakaninsu. Wata tsohuwa da ta dawo daga suna ta hango haka, ta watsar da ƙwaryarta ta arce tana a'uziyya. An daɗe ana wannan dariyar a Rurum.

Daɗin abin kuma, a duhu kowa makaho ne. Masu ido suna karo da juna, suna faɗawa kwata, wani ya kai wa ƙafar ɗan'uwansa shuri ya rantse ƙwallo ya gani. Malam kuwa da ya saba da duhu, shi ne gwani. Yana tsaye tsakanin gwangwalayen nan yana zuba musu tsiya, wannan ya ce masa ƙafarsa ta hagu aro ce, wancan ya ce ya koma gida ya ƙarasa shan nono. Mata suna leƙe ta saman katanga, wasu a kan turmi, in ya cafe fenariti su rangaɗa guɗa. Sa'adiya na cikinsu, amma ita ba ƙwallo take kallo ba. Jan awarwaro ɗaya take bi da ido, ta san gudunsa ko a cikin dubu.

Akwai ranar da ruwa ya sauko ana tsaka da wasa, ba wanda ya gudu. Fitilun nan suka riƙa rawa a cikin ruwan, ƙwallo na feshin taɓo, samari na zamewa suna ihu. Uzairu ya kai wani bugu da gaske, Malam ya bi shi ya faɗi ruf da ciki a cikin taɓo. Zuciyar Sa'adiya ta tsinke. Sai ga hannu ya ɗago da koren ƙwallo, dattijo yana dariya har da tari. Uzairu ya ruga ya ɗaga shi, suka rungume juna jiƙe sharkaf. Ranar Malam ya cinye tuwonsa tas, ya aiko a ƙaro miya.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Malam ya ɗauki Ɗan Kibiya aboki. In an tashi wasa sai ya riƙe shi, su zauna a benci, ya ce a miƙo tuwo kwano ɗaya. Uzairu ya yi ta noƙewa, Malam ya ce ya sa hannu mana, ko a Kibiya da ƙafa ake ci? Daga nan sai labari. Yadda ya yi ta bin Huseina rafi kafin ta kula shi, da 'yan matan da suka yi dambe a kansa a garin Saji, irin zancen da namiji ba ya yi sai da sa'ansa. Uzairu yana kai loma yana gumi.

Inna ba ta ce uffan ba sai sau ɗaya. Tana tankaɗe, ba ta ma dubi 'yar ba, kamar da rariyar take magana.

"Suruki dai ba ya haɗa kwano da suruki. Ranar da goro ya shigo gidan nan, wasa ya ƙare."

Sa'adiya ta ji gabanta ya faɗi, don gaskiya ce tsagwaronta. A wajenmu suruki daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna ya gaisar ya tashi. Ko ido ba a haɗawa, balle ka auna ƙirjinsa da ƙwallo. Ta ga ranar da za a ce wa Malam Ɗan Kibiya shi ne Uzairu. Zai tuna duk abin da ya faɗa a kan bencin nan, kunya ta mayar da shi ɗaki, kuma wannan karon babu mai fito da shi. Sauran samarin suna nan, amma ba don su yake fitowa ba. Duk ranar da Uzairu bai zo ba, ko hannun riga ba ya naɗewa.

Shi ya sa ta ce bayan Sallah, shi ya sa ta ce bayan shuka. Uzairu ya san dalilin, ya kuma tausaya, amma ba shi da bakin faɗa wa Kawu. Ya ce me? Ina cin tuwo kwano ɗaya da uban yarinyar, ina tsokanarsa yana tsokanata? Kawu zai ce ba tarbiyya, Hajiyarsa ta ce ya zubar musu da mutunci a garin mutane. Kunya ado ce, na yarda, amma wallahi wani lokacin tana cin mutane da ransu. Kowa ya ja bakinsa ya tsuke, ana ta wasa ana dariya, abu yana lalacewa a ƙasa.

Aka yi kaka, aka ɗaure dami, rumbuna suka cika. Uzairu ya zo da sabon yadi fari, fuskarsa a sake, ya ce Kawu ya sake sayen goro, Juma'a mai zuwa suna tafe. Ranar kuwa tun safe Malam ke 'yan waƙe-waƙe a tsakar gida, don samarin garin Lausu za su zo wasan dare, har ya sa an wanke masa tsohuwar rigar golansa. Sa'adiya ta tuna fuskarsa da safe, sai ta ji bakinta yana cewa a bari sanyi ya wuce.

Uzairu ya dube ta.

"Sa'a, kina so na kuwa?"

"Ka fi kowa sani."

"Da dai na sani. Yanzu ban sani ba."

"Mai fitila, don Allah... ka dube shi fa. Ka ga yadda ya dawo mutum."

"Na gani. Ni ma ina ƙaunarsa, Allah ne shaida. Amma Hajiya ta ce in aka sake dawo da goron nan, ba da yawunta ba. Uwa ce fa, Sa'a. Ke kina tattalin naki, ni in zubar da tawa?"

Ta fashe da kuka, ta ce ko wata ɗaya ne ya ƙara mata. A ranta tana cewa faɗan masoya hutu ne, gobe zai huce kamar yadda ya saba. Shi kuwa ya ɗauki ƙwallo ya fita fili. Aka yi wasan Lausu, Malam ya hana su ci ko ɗaya, gari ya ɗauki sowa. Uzairu ya yi gudu ya yi bugu, amma ba a ji dariyarsa ba. Da aka tashi ya tattara awarwaron da ƙwallon ya ajiye a zaure, ya ce wa Malam yau ba zai tsaya tuwo ba, kansa na ciwo.

Bai dawo ba. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Ita ma zuciya ta ɗebe ta, ta ce in dai fushi ne kowa ya iya, ba za ta aika ba. Da dare kuma ta rungume filo ta yi ta kiran sunansa a hankali don kada ƙannenta su ji.

Malam yakan fito bayan Isha ya zauna a benci. Samari su zo su kunna raga, ya tashi ya kama biyu ko uku, ya ce kafaɗarsa na ciwo. A hankali su ma suka rage zuwa. Sanyi ya shigo, ya yi kwanakinsa, ya fara ja da baya. Tuwo ya koma dawowa daga ɗakin Malam kamar yadda aka kai shi.

Wata safiya ta kai masa koko, ta ajiye za ta juya, sai ya ce, "Ke." Ta tsuguna a bakin ƙofa. Ya juya fuskarsa wajen bango, don ba zai iya wannan magana yana fuskantarta ba.

"Yaron nan... me muka yi masa? Mutanensa ba su zo ba, shi ma ya ɗauke ƙafa."

"Wane yaro, Baba?"

"Uzairu mana. Ɗan Kibiya. Su nawa ne?"

Malam ya ci gaba da magana da bango, a hankali. Ya ce ido ne ya tafi, kunne yana nan. Babur ɗin da ke wucewa ta gaban masallaci bayan Magariba shi ne ke tashi daga ƙofar gida bayan wasa, tun kwanakin farko ya gane. Ya yi shiru ne don ya san da zarar ya nuna ya sani, yaron ba zai ƙara ɗaga ƙafa a gabansa ba. Kuma yana so ya san wa zai ba wa 'yarsa. Ya kuwa sani, don yaron da zai ɗaga makaho daga cikin taɓo ya share masa fuska da rigarsa ba zai wulaƙanta mace ba. Ya ce kullum in zai fita sai ya ce wa kansa wataƙila yau ne na ƙarshe, gobe goro zai zo, kuma murna yake da hakan. Da ya ji shiru ya yi yawa sai ya ɗauka su ne ba su shirya ba. Ya so ya tambaya, amma ina uba zai tambayi 'yar fari zancen aurenta?

Sa'adiya ta kifa kai a gwiwa. Cikin kuka ta gaya masa komai, goron da ya bushe, da wanda aka rabar, da na ukun da ta mayar da bakinta. Kokon ya huce a kwano.

"Don ƙwallo?" Muryarsa ta karye. "Kika ajiye aurenki don in kama ƙwallo?"

"Dariyarka nake so, Baba... na ji tsoron ta sake tafiya."

"Kayya, yarinyar nan. Kayya."

Abin da ya yi bayan nan ba a taɓa jin irinsa a Rurum ba, wai uban mace ya tafi biko gidan saurayi. Ya sa aka ɗauko masa babbar riga, aka kira ɗan acaɓa. Inna tana cewa Malam, mutane fa, me za su ce? Ya ce su faɗi abin da suka ga dama, kunyar ce ta kawo su nan. Da hantsi ya kama hanyar Kibiya.

Sa'adiya ta yini tana sharar tsakar gidan da babu datti. Ta ɗora girki ta manta gishiri. In ta tuna Uzairu ba ya iya dogon fushi sai ta ji sanyi, in ta tuna tsawon shirun nan sai tsoro ya kama ta. Ta yi alkawari a ranta, in dai ya zo, ko gobe suka ce ta yarda, ko yau ma.

Bayan Magariba ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ta san ƙararsa. Ta fita da gudu ko takalmi babu, mayafi a karkace. Uzairu ne ya goyo Malam da kansa. Cikin farin ciki ta matso za ta yi sannu da zuwa, sai iska ta kawo mata ƙamshin rigarsa. Turaren wuta ne, irin wanda ba ya kama rigar saurayin da ke kwana a shago. Ta gane tun kafin kowa ya yi magana.

Malam ya sauko a hankali, ya tsaya kansa a ƙasa.

"An ɗaura, Juma'ar da ta wuce. Wata 'yar maƙwabtansu ce. Kawun nasa har hawaye ya yi da na ba shi labari... amma an ɗaura."

Babu wanda ya kawo zancen wata hanya. Shagon fitila ba zai ɗauki gida biyu ba, kuma yarinyar can ba ta yi wa kowa laifi ba. Uzairu ya rame, idanunsa sun yi ja, ya kasa dubanta sosai.

"Sa'a..."

"Allah ya ba da zaman lafiya," ta ce, ita kanta ba ta gane muryarta ba.

"Da kin ce min to... ko sau ɗaya."

"Da na ce."

Ya share fuska da tafin hannu. Da alama yana neman abin da zai bar musu, ko yaya yake, don kada ya tafi ya bar gidan haka hannu rabbana. Ya juya wajen Malam, muryarsa a dashe.

"Baba, yanzu ai... babu surukuta a tsakaninmu. In ka yarda, zan riƙa zuwa muna wasanmu kamar da."

Sa'adiya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Gaskiya ya faɗa. Abin da ta yi ta karewa da aurenta ga shi nan ya tsira, babu al'adar da za ta hana, babu mai cewa don me. Su ci tuwo kwano ɗaya har ƙarshen rayuwa in sun so.

Malam ya miƙa hannu yana lalube har ya samu kafaɗar Uzairu. Ya riƙe ta, ya daɗe bai saki ba.

"Na gode, Ɗan Kibiya. Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka zo. Ba zan iya tsayawa a raga ina dariya ba, ita tana bayan katanga tana jin muryarka."

Uzairu ya sunkuyar da kai. Ya tayar da babur ya tafi, bai waiwayo ba, ita ma ba ta iya kallon tafiyarsa ba.

Da ta juya sai ta ga Malam tsaye a tsakiyar zaure yana shafa iska, ya rasa ƙofar ciki. Ashe sandarsa ya manto a Kibiya. Ta matsa ta kama hannunsa. Haka ta ja shi har ɗakinsa, yana tafe yana cewa ki yafe min, tana cewa ba ka yi min komai ba, Baba, su duka biyun suna kuka.